Kogin da Kaisar Ya Ƙetare

Ya ɗan'uwa cikin Almasihu, kai da ka san Maigatari, ka san iyaka ba katanga ba ce. Ran Alhamis shanu sukan shigo kasuwa daga Nijar, rairayin nan ɗaya ne, doka kaɗai ta raba.

Haka Rubikon yake, ɗan kogi a arewacin Italiya. Dokar Roma ta hana sarkin yaƙi ƙetare shi da runduna. A shekara ta 49 kafin haihuwar Almasihu, Yuliyas Kaisar ya tsaya a bakinsa. Maƙiyansa a majalisa suna jira ya ajiye takobi su kai shi shari'a. Yana da hujja, ban musa ba. Ya ƙetare. Yaƙin basasa ya tashi, mulki ya koma hannunsa, bayan shekara 5 suka kashe shi, har da Burutus wanda ya yi wa afuwa.

Abin da ke tsorata ni, ruwan ba shi da zurfi. Ran da direba ya miƙo maka abu a dunƙule a shinge, ko mai saye ya juya baya kana riƙe da mudu, ba za ka ga kogi ba. Hujja za ka gani: albashi ya makara, an koro yara daga makaranta. Ubangiji kuwa yana nan bakin ruwan.