Darasi Daga Taguwar Manzon Allah Ga Masu Fushi A Kan Ƙwallo

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda yake ɗaukaka wanda Ya so, yake ƙasƙantar da wanda Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako filinmu zai duba wani al'amari da wasu za su ga kamar bai kai a kawo shi shafin addini ba, watau fushin da magoya bayan ƙwallon ƙafa ke yi idan ƙungiyarsu ta taɓarɓare. Amma duk abin da ya kai ga hana magidanci cin tuwon dare, ko ya sa aboki ya zagi iyayen abokinsa, ko ya sa saurayi ya haɗa La'asar da Magariba, to, ya shigo hurumin addini, kuma wajibi ne malamai su yi magana a kansa. Za mu ɗauki ƙungiyar Manchester United ta ƙasar Ingila ta zama misali, domin tana daga cikin waɗanda suka fi yawan mabiya a gidajen kallo na garuruwanmu, kuma magoya bayanta sun daɗe suna kuka da masu ita.

Tun da fari, a sani wasan motsa jiki da gasa ba baƙin abu ba ne a Musulunci. Ya tabbata daga Abdullahi ɗan Umar cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya shirya tseren dawaki a Madina, shi ma Ibnu Umar yana cikin mahayan. Ya kuma tabbata cewa mutanen Habasha sun yi wasa da māsu a cikin masallaci, Annabi ya tsaya Nana A'isha tana kallo ta bayansa har sai da ta gaji don kanta. Saboda haka kallon gasa halal ne a asalinsa, matuƙar bai haɗu da caca ko tsiraici ko tozarta salla ba. Abin da ya rage a tambaya shi ne halin da zuciyar mumini ya kamata ta kasance a ciki ranar da aka kayar da wanda yake so.

Imamu Buhari ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa Manzon Allah yana da wata taguwa ana ce mata Adba'u, wadda ba a taɓa wuce ta a tsere ba. Ran nan sai wani balaraben ƙauye ya zo a kan ɗan raƙuminsa matashi, aka yi tsere, ya wuce ta. Abin ya yi wa sahabbai ciwo ƙwarai, har suka riƙa faɗa wa juna cewa yau an tsere wa Adba'u. Da Annabi ya ga damuwa a fuskokinsu, sai ya sanar da su cewa Allah Ya ɗora wa kansa, duk abin duniya da ya ɗaukaka sai Ya sauko da shi.

Jama'a, a dubi wannan ƙissa da kyau. Sahabbai su ne mafifitan wannan al'umma, amma sun ji zafin kaye, kuma Annabi bai tsawata musu a kan jin zafin ba, domin ɗabi'ar ɗan Adam ce. Haka nan ba a ruwaito cewa wani daga cikinsu ya zagi balaraben nan, ko ya ce an yi maguɗi, ko ya la'anci mai kiwon taguwar ba. Shi kuwa mai taguwar, tsira da aminci su tabbata a gare shi, sai ya mai da kayen ya zama karatu: babu wani abu a duniya da yake hawa ya dawwama a sama, ko da kuwa dabbar mafificin halitta ce. In har Adba'u za ta sha kaye, wace ƙungiya ce ta fi ƙarfinsa?

Tarihin ƙwallon kansa ya shaida wannan. Manchester United ta ɗauki kofin Turai a 1968, amma a 1974 ta faɗa rukuni na biyu. Daga 1967 sai da ta yi shekara 26 kafin ta sake zama zakaran Ingila a 1993. A hannun mai horarwa Alex Ferguson ta ɗauki kofin Firimiya sau 13, har yaran da aka haifa a wannan zamani suka tashi suna zaton nasara gadonsu ce. Ya ajiye aiki a 2013, kuma tun daga nan har zuwa ƙarshen kakar 2025 ba ta sake ganin kofin ba. A wannan kakar ta ƙare a matsayi na 15 cikin ƙungiyoyi 20, sannan Tottenham ta doke ta da ci 1 da nema a wasan ƙarshe na gasar Europa a birnin Bilbao. Abokiyar hamayyarta Liverpool ita ma ta yi shekara 30, daga 1990 zuwa 2020, tana jiran kofin. A nan gida ma Kano Pillars, wadda ta zama zakara a 2008, sannan sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022 kafin ta dawo. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

To amma mai goyon baya zai ce: Malam, kayen da ya zo daga Allah mun karɓa, abin da ke ƙona mana rai shi ne halin masu ƙungiyar. Wannan magana tana da tushe, kuma imani da ƙaddara ba ya wanke wanda ya yi sakaci da amana. Bari mu bayyana yadda abin yake.

A 2005 wani attajiri ɗan Amurka, Malcolm Glazer, ya sayi ƙungiyar a kan kuɗi kimanin fam miliyan 790. Kaso mai yawa na kuɗin nan rance ne mai ruwa, kuma da ciniki ya faɗa sai aka ɗora nauyin mafi yawan bashin a wuyan ƙungiyar, alhali kuwa kafin nan ba ta ɗauke da irin wannan bashi. Misalinsa kamar mutum ne ya ci bashi ya sayi saniyar tatsa, sannan ya ce nononta ne zai biya bashin da ruwansa, maraƙi kuwa ya sha abin da ya rage. Shekara da shekaru kuɗin da ke shigowa daga tikiti da talla da talabijin ana yankar wani ɓangare nasa ana biyan kuɗin ruwa, 'ya'yan attajirin da suka gaje shi bayan rasuwarsa a 2014 kuma sun yi shekaru suna karɓar rabon riba, har rufin filin wasa na Old Trafford ya kai ga yoyo a idon duniya a 2024. Magoya baya suna ganin kansu a matsayin kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Mu Musulmi wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. A aya ta 275 da ta 276 ta Suratul Baƙara Allah Ya raba tsakanin ciniki da riba, Ya halatta na farko Ya haramta na biyu, Ya kuma ba da labarin cewa Yana shafe albarkar riba. Hikimar a bayyane take: bashi mai ruwa ba ya sanin kaka mai kyau da mara kyau. Ko an ci wasa ko an sha kaye, ko filin ya cika ko babu kowa, mai rance sai ya karɓi nasa. Duk ɗan kasuwar da ke karanta wannan shafi, wanda yake tunanin faɗaɗa shagonsa da kuɗin ruwa, ga darasi nan kyauta daga ƙungiyar da ta fi shagonsa samun kuɗi nesa ba kusa ba. Haka nan aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da amana ga masu ita, Annabi kuma ya sanar da mu cewa kowannenmu makiyayi ne da za a tambaya game da abin kiwonsa. Wanda ya mallaki abin da zukatan jama'a suka rataya a kansa, takardar saye ba ta sauke masa wannan nauyi. Wannan ya shafi duk wanda aka damƙa wa ƙungiya a ƙasarmu, ta gwamnati ce ko ta attajiri, musamman game da biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan lokaci.

Sai dai Musulunci da ya ba wanda aka zalunta damar ɗaga murya, kamar yadda aya ta 148 ta Suratun Nisa'i ta nuna, ya kuma yi wa damar iyaka. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta kai mu ga barin adalci. Adalci kuwa ya tilasta a faɗi cewa a hannun waɗannan masu ƙungiya ne aka ɗauki kofin Firimiya sau 5 tsakanin 2007 da 2013, da kofin Zakarun Turai a 2008, kuma an kashe maƙudan kuɗi wajen sayen 'yan wasa, sai dai sau da yawa ba a sayi abin da ya dace ba. A lokacin da kofuna ke zuwa, kaɗan ne daga cikin masu kallo a nan suka damu da batun bashi. Ya kamata mai fushi ya tambayi kansa, zaluncin ne yake ƙi, ko kuwa dariyar da 'yan wata ƙungiya za su yi masa a majalisa?

Su mutanen Manchester, waɗanda kakanninsu suka riƙa zuwa filin nan, suke kuma biyan kuɗin kujera daga guminsu, sun bi hanyoyi daban-daban. Wasu tun a 2005 suka janye, suka kafa tasu ƙungiya mai suna FC United of Manchester, wadda magoya baya ne suka mallake ta, har ta buɗe nata filin a 2015. Wasu a 2010 suka riƙa rataya mayafan wuya masu launin kore da ruwan ɗorawa, launin ƙungiyar a farkon zamaninta, don nuna rashin yarda cikin lumana. Wasu kuwa a watan Mayu na 2021 suka kutsa cikin filin, aka ji wa 'yan sanda rauni, aka ɗage wasa da Liverpool. Hanya ta farko da ta biyu hankali da shari'a sun yarda da su. Ta uku kuwa ta cutar da waɗanda ba su ci ba su sha ba. A 2024 Jim Ratcliffe ya sayi fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙungiyar, aka yi murna, ba a jima ba aka sallami ma'aikata kimanin 250, kuka ya dawo sabo. Wanda ya rataya natsuwarsa a kan canjin mai gida zai daɗe yana jira.

Kai kuwa ɗan'uwana da ke zaune a kan benci a gidan kallo a Fagge ko Tudun Wada ko Damagaram, mene ne naka a ciki? Ba ka da hannun jari, ba ka da ƙuri'a, kuma zaginka ba ya ƙetare ƙofar rumfar, sai dai ya shiga littafin mala'ikan da ke hagunka. Wanda fushinka yake isa gare shi kuwa shi ne matarka da ta kawo abinci ka daka mata tsawa, da ɗanka da ya zo da gudu ka ture shi, da maƙwabcinka da kuka yi kwana uku ba ku gaisa ba, alhali kuwa Annabi ya hana Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana uku. Wannan shi ne haushin kaza huce kan dami. Mafi muni kuma shi ne wanda ya sa kuɗin cefane a caca yana fatan ƙungiyar ta fanshe shi, ya tara wa kansa hasara biyu da zunubi.

Maganin da Annabi ya bayar sananne ne. Ya bayyana cewa ƙarfi na gaskiya yana ga wanda ya mallaki kansa lokacin fushi, ba ga mai kayar da mutane a kokawa ba. Ya koyar da mai fushi ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna. A kan wannan muna ba da shawara. Yawancin wasannin Ingila na ranar Asabar da Lahadi suna faɗawa ne tsakanin La'asar da Magariba a agogonmu, saboda haka idan an kira salla ka tashi, ko da kuwa ana shirin bugun daga kai sai mai tsaron gida. Idan an tashi wasa an doke ku, ka riƙe harshenka har ka isa gida ka yi alwala. Idan ku ne kuka ci, ka tuna aya ta 11 ta Suratul Hujurati da ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabobi. Idan kuwa ka auna ka ga kallon nan ya fi kawo maka baƙin ciki a kan nishaɗi, to, ka bar shi na ɗan lokaci, domin babu wanda zai tambaye ka ranar Lahira don me ka bar Manchester United, amma za a tambaye ka rayuwarka a me ka ƙarar da ita, da ƙuruciyarka a me ka tsufar da ita.

Allah Ya ba mu ikon mallakar zukatanmu cikin fushi da cikin yarda, Ya tsare dukiyoyinmu daga riba da caca, Ya sa shugabanni da masu riƙe da amanar jama'a su ji tsoronSa, Ya haɗa kan matasanmu a kan alheri. Amin. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.