Wa Ya Zo Maka a Mafarki?

A rubuce-rubucen Kiristoci na ƙarni na 4 da na 5, waliyyai ba sa kwanciya shiru a kabari. A shekarar 386 Ambros, bishop na Milan, ya tono ƙasusuwan shahidai biyu, aka ce ta wahayi ya san wurin. A 415 wani limamin coci a Falasɗinu mai suna Lusiyan ya ce Gamaliyel ya zo masa a mafarki ya nuna masa kabarin Istifanus, shahidin farko na Kiristoci. Mutanen Nola ta Italiya kuma sun ce sun ga waliyyinsu Feliks sa'ad da mayaƙa suka yi wa garin ƙawanya.

Abin da ya dame ni a nan shi ne, in mamaci ya bayyana, shi ɗin ne ya zo? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin wahayi yana ba mai shi iko. Ambros ya gano ƙasusuwan nan ne yana tsakiyar rikici da fadar sarki a kan mallakar coci, kuma ganowar ta ƙara masa ƙarfi. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to amma ganin mai mafarki, ji ne ga sauran jama'a. Shaidar da ya kawo kuwa ta mutu, ba ta iya musanta shi.

Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya taɓo batun a wani ɗan littafi da ya rubuta wa Polinus, bishop na Nola, a farkon shekarun 420, kan kula da matattu. Ya kawo labarin wani saurayi da aka biyo bashin da mahaifinsa ya riga ya biya. Uban ya zo masa a mafarki ya faɗa masa inda takardar shaidar biya take, ya duba ya same ta. Kafin mai karatu ya ce shi ke nan, sai ya kawo labari na biyu. Wani tsohon almajirinsa a Kartaj, Yulojiyus, ya kasa fahimtar wani wuri a littafin Sisero. Da dare ya yi mafarkin Agustin yana warware masa, alhali Agustin yana Milan, da ransa, bai san ana yi ba. In surar mai rai za ta iya koyarwa ba da saninsa ba, me zai hana ta mamaci?

Hujjar da ta fi taɓa ni ita ce ta mahaifiyarsa Monika, wadda ta rasu a 387. Ya ce da matattu suna shiga harkar masu rai, uwar da ta bi shi ta tudu da ta teku ba za ta bar dare guda ba ta ziyarce shi ba. Ga mutum mai kewar uwarsa, amma ya ƙi ya lallashi kansa da abin da bai tabbatar ba. Bai ƙaryata bayyanar Feliks ba. Ya ɗauke ta ikon Allah ne, watakila ta hannun mala'iku, ya kuma yarda cewa yadda abin yake faruwa ya fi ƙarfin saninsa.

A ganina, nan ne mafita. Wadda ta ga mijinta marigayi a mafarki ta samu natsuwa, ba ni da ikon ƙwace mata. Amma ranar da mafarki ya fito daga ɗakin mai shi ya ce a ba shi fili, ko kuɗi, ko biyayya, ya zama da'awa, kuma da'awa sai da hujja. Ko saurayin nan ba da mafarki ya kare kansa ba. Sai da ya tashi ya nemo takardar, ya ajiye ta a gaban mai bin bashi.