Yoyon Fetur da Ma'anar Tawakkali

A unguwar Kilomita Biyar, cibiyar kasuwancin Bangui, duk wanda ya harhaɗa mota da hannunsa ya san abin da ke sa filtar mai yoyo: ko roba ta bushe ta tsage, ko bakin tiyo ya saki. Fetur mai ɗiga kan salansa mai zafi kuwa gobara yake kira. Saboda haka barin yoyon da sunan tawakkali sakaci ne. Wani zai ce ƙaddara ba ta da makawa. Haka ne, amma gyaran ma cikin ƙaddarar yake, shi ya sa a hadisin Tirmizi Annabi (SAW) ya umarci mai raƙumi ya ɗaure dabbarsa sannan ya dogara ga Allah. Ran fasinja amana ne a wuyan direba.