Ribom a Kan 'Yar Shekara Biyu: Ado Don Wa?



Ana saura kwana uku Ƙaramar Salla wata baiwar Allah ta tsaya a shagonmu da 'yarta goye. Ta sayi ribom dozin guda, da robobin ɗaure gashi, da duwatsun kitso masu launi-launi. Muna ƙulla mata a leda sai ta ce: "Malam, don Allah ba wata addu'a da za a tofa wa yarinyar nan? Duk abin da aka sa mata a ka sai ta fizge. Saye na uku ke nan." Muka yi dariya, muka ce ai mu kasuwa ce ta buɗe mana. Ta ce ita fa ba wasa take ba, jiya ma sai da ta make mata hannu har ya tashi.

Tana tafiya dariyar ta koma mana ciki. Mu ne muka sayar da ribom ɗin da aka doki yarinya a kansa, mu ne kuma muke jan salla a masallacin layinmu idan liman ba ya nan. Shi ya sa muka kawo maganar nan gaban jama'a, ko da wani zai ce ƙaramar magana ce. Tambayar ita ce: shin muna da ikon tilasta wa yarinyar da ba ta gama iya magana ba ta zauna da kayan ado a ka, har da duka? Adon nan don ita ake yi, ko don mu?

Mu fara yi wa uwa adalci. Iyayenmu da suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau suka zauna Gombe don fatauci, sun zo da al'adarsu ta gyaran kan 'ya mace, suka tarar Fulani da Tera da Bolawa su ma kowa da tasa. A wurinmu kitso shaida ne cewa yarinya tana da mai kula da ita. Idan ta fito biki ko suna kai a yamutse, ba wanda zai zage ta. Uwarta za a yi wa gori, daga dangin miji har abokiyar zama. Uwar da ta kashe kuɗin da ta tara a adashe, ta zaunar da yarinya gaban makitsiya tun hantsi har azahar, sannan ta ga ribom a cikin kwata kafin a isa gidan biki, ba za a ce ba ta da dalilin ɓacin rai ba.

Addini ma bai hana yi wa 'ya mace ado ba. A cikin Sahihul Buhari akwai labarin Ummu Khalid, yarinyar da aka haifa a Habasha. An kawo wa Manzon Allah (SAW) tufafi, cikinsu har da wata 'yar baƙar riga mai zane, ya sa aka ɗauko masa yarinyar, ya sa mata da hannunsa, yana yaba mata kyan rigar da kalmar Habashanci, yaren ƙasar da ta taso. Abu Dawuda kuma ya kawo cewa Najjashi ya aiko masa da kayan ado, ya ɗauki zobe a ciki ya ba jikarsa Umama. Amma mu lura da yadda abin ya gudana. Kyauta ce aka bayar, da wasa da fara'a, yarinya ta ji daɗi. Ita Umamar nan ce yake ɗauka yana salla, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya sake ɗauka. Ɗawainiyar tana kan babba, jin daɗin yana wurin yaro.

To a nan ne muke ganin mun juya abin. Duk wanda ya yi Islamiyya ya san an ɗauke alƙalami a kan yaro har sai ya balaga. Salla, wadda ita ce ginshiƙin addini, sai a shekara 7 ake fara umartar yaro da ita, ba a kuma maganar horo a kanta sai ya kai 10. Haka yake a hadisin Abu Dawuda, haka Ibn Abi Zaid ya ambata a farkon Risala. Idan hakkin Allah an jinkirta wa yaro shi haka, yaya za a yi ribom na 'yan nairori ya wajaba a kan 'yar shekara biyu da mari?

Wata tsohuwa da muka yi wannan magana da ita ta ce mana: "Malam, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mu ma haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba. In ka bar ta ta cire ribom yau, gobe hijabi za ta cire." Maganar tana da nauyi, ba mu raina ta ba. Gaskiya ne yaro yana buƙatar iyaka. Idan ta nufi murhu za mu fizgo ta ko tana ihu. Idan zazzaɓi ya kama ta za mu ɗura mata magani ko tana tofarwa. A nan tilas rahama ce, domin amfanin nata ne, barin kuma cuta ce. Amma idan ta cire ribom, wace cuta ta same ta? Babu. Mu ne muka ji kunyar mutane. Wannan shi ne ma'aunin da muke ba da shawara a riƙe: kafin a ɗaga hannu, a tambayi kai, in na ƙyale ta wa zai cutu, ita ko sunana? Kuma yarinyar da ta tashi tana haɗa abin da ake sa mata a ka da zafi da tsawa, ba mu ga yadda hakan zai sa ta so hijabi ranar da ta isa sa shi ba.

Sannan ya kamata mu tambayi me ya sa take cirewa. Yarinyar da ba ta iya cewa "yana yi mini zafi" ba, da hannu take faɗa. Sau da yawa kitson ne aka ja shi da ƙarfi don ya daɗe, a kuma rataya masa duwatsu masu nauyi. Duba gaban goshi: idan fata ta ɗaga, ko ƙananan ƙuraje sun feso a bakin gashi, ko yarinya ta kasa kwanciya a kan kitson, to an wuce gona da iri. Likitocin fata sun tabbatar jan gashi na yau da gobe yana kashe saiwarsa, in abin ya daɗe gashin gaban ba ya dawowa. Mata nawa ne a unguwar nan suke sayen mai iri-iri don gashin goshi da ya tafi tun suna yara? Ga kuma zafin garin nan na watan Maris da Afrilu, zufa na taruwa a ƙarƙashin roba, ƙaiƙayi ya tashi. Wani lokacin kuwa ba ciwo ba ne, son sani ne kawai: ta ji abu a kanta, tana so ta gani da idonta.

Wannan son ganin ne ya kai mu asibiti da dare shekarun baya. Jikarmu ce ta zare dutsen kitso ɗaya, irin wanda muke sayarwa, ta tura shi a hanci. Uwarta ta so ta zaƙulo da tsinke, Allah Ya taimaka kakarta ta hana, domin tsinke ƙara tura shi ciki yake yi. Muka tari Keke Napep, ma'aikaciyar jinya ta ciro shi cikin 'yan mintoci, ta ce mu gode wa Allah da ba maƙogwaro ya bi ba. Daga baya muka san cewa a Amurka da ƙasashen Turai doka ta hana sayar da kayan wasa masu ƙananan ɓangarori don yaran da ba su kai shekara 3 ba, saboda shaƙewa. Mu kuwa muna auna wa uwa duwatsu cikin ƙaramin kofi ba tare da mun tambayi shekarun yarinya ba. 'Yan uwanmu 'yan kasuwa, na unguwa da na Babbar Kasuwa, wannan laifinmu ne. Hadisin Hakim bin Hizam ya nuna albarkar ciniki tana cikin faɗin gaskiya da bayyana aibin kaya. Tun daga ranar muke tambaya, in an ce ba ta kai uku ba mu ce a ɗauki babban ribom na ƙyalle, ko da ribarsa ba ta kai ba.

Ga uwar da take son adon ya zauna, ga abin da matan gidanmu suka gwada ya yi aiki. A sassauta kitso, a yi manya, a rage kaya. Ribom biyu sun fi goma zama. A miƙa mata guda biyu ta zaɓa, domin abin da ta zaɓa da kanta ta fi riƙe shi. A bar ta ta ga ana sa wa yayarta, a nuna mata madubi, a yaba mata. Ana gama sawa a ba hannunta abin yi. A fara saba mata a gida na ɗan lokaci, tun kafin ranar taro, don ba a fafe gora ranar tafiya. Idan za ta yi barci a cire komai. In duk an yi haka ta fizge, a ɗauka a ajiye, a gwada bayan wata biyu. Mafi yawansu kafin su kai shiga Islamiyya su ne za su riƙa kuka a sa musu.

Mu maza kuma mu daina cewa wannan harkar mata ce. Sau da yawa gorin da uwa take tsoro daga ɗakin mahaifiyarmu ko bakin 'yan uwanmu mata yake fitowa. Kalma ɗaya daga maigida, ya ce a ƙyale yarinya kanta a wanke yake, ta isa ta sauke wa matarsa nauyi.

Baiwar Allah nan ta dawo bayan Salla sayen zare. Muka ba ta haƙuri kan dariyar da muka yi, muka faɗa mata abin da muka rubuta a nan. Ta ce addu'ar fa? Muka ce akwai: Allah Ya raya ta, Ya shirya ta, Ya ba iyayenta haƙurin renonta. Ita muke roƙa wa 'ya'yan Manawashi baki ɗaya. Amin.