Ido, Wa Ka Raina? Tsokaci Kan Bulbul da Haƙƙin Abin Kallo

Masu iya magana sun ce an tambayi ido, "Wa ka raina?" Ya ce, "Wanda nake gani yau da gobe." Idan kuwa haka ne, to a cikin tsuntsayen da muke maƙwabtaka da su, da wuya a sami wanda ido ya raina kamar ɗan tsuntsun nan da masana ke kira bulbul. Kullum yana tare da mu a harabar jami'a, da bayan ɗakunan kwanan ɗalibai, da lambunan gidajen malamai, yana fara kuka tun kafin gari ya gama wayewa, amma kaɗan ne daga cikinmu za su iya siffanta shi idan aka tambaye su. A yau da kyamara ta zama abin sawa a aljihu, kuma ɗaukar hoton namun daji ya zama sana'a da abin gasa, ya dace mu ɗora wa kanmu wata tambaya ta hanyar wannan tsuntsu: shin abin da muke kallo yana da wani haƙƙi a kanmu saboda kallon da muke yi masa? Ko kuwa kallo kyauta ne, babu wanda ke biyan kuɗinsa?

Bari mu fara da sanin wanda ake magana a kansa. Dangin bulbul babban dangi ne mai nau'o'i fiye da 130, a warwatse a Afirka da Asiya. Da yawa daga cikin na Afirka mazauna kurmi ne, masu launin kore-kore, waɗanda ake jin muryarsu fiye da yadda ake ganinsu. Wanda muka fi sabawa da shi kuwa, wato Pycnonotus barbatus, masanin tsirrai ɗan Faransa René Desfontaines ne ya fara bayyana shi a rubuce a 1789, daga ƙasar Aljeriya. Tsawonsa bai wuce santimita 20 ba. Kansa baƙi-baƙi ne da ɗan tukku, bayansa ruwan ƙasa, cikinsa fari-fari, kuma namiji da tamata kamarsu ɗaya. Yana rayuwa a bakin kurmi da dajin savana da gonaki da tsakiyar birane, in dai akwai itatuwa da ruwa kusa. Abincinsa 'ya'yan itace ne, irin su ɓaure da gwaiba da gwanda da 'ya'yan darbejiya, sai ƙwari da ruwan furanni. Son barkonon da yake yi ya sa mutanen Laberiya ke kiransa tsuntsun barkono, har suna ɗaukarsa tsuntsun ƙasarsu. Da yake yakan haɗiye 'ya'yan itace ya kasayar da irin a wani wuri, manomi ne da ba ya karɓar lada. Yawanci biyu-biyu suke yawo, kuma da zarar sun hangi maciji ko kyanwa ko mujiya sai su cika wuri da tsuwa, sauran tsuntsaye su farga. Sheƙarsa ƙarama ce, kamar ƙoƙo, ta ciyawa da saiwoyi da saƙar gizo, a ɓoye cikin ganye. Tamatar kan saka ƙwai biyu ko uku, ta yi kwanci na kusan mako biyu, 'ya'yan kuma sukan bar sheƙa kafin fiffikensu ya yi ƙwari sosai.

Ɗalibin adabi zai so ya san cewa sunan nan aro ne. A waƙoƙin Farisa da na Larabawa, bulbul suna ne na wani tsuntsu dabam mai zaƙin murya, wanda mawaƙa suka mayar da shi alamar masoyin da ke kuka saboda furen wardi. A cikin Manɗiƙuɗ Ɗairi na Fariduddin Aɗɗar, mawaƙin ƙarni na 12, bulbul yana cikin tsuntsayen da suka kawo uzurin ƙin tafiya neman sarkinsu, shi uzurinsa son fure ne. Ke nan muna da bulbul biyu: na littafi, wanda muke haddace kirarinsa, da na kan darbejiya, wanda ba mu ɗaga kai mu dube shi. Wannan shi ne rainin da ido ke yi.

Sai dai kafin mu tausaya masa, ya kamata mu dubi abin da ya sami ɗan'uwansa da aka so. A kudu maso gabashin Asiya akwai wani bulbul mai kai ruwan ɗorawa, Pycnonotus zeylanicus, wanda Allah Ya hore wa murya mai daɗin gaske. Muryar nan ce ta zame masa ajali. Masu kiwon tsuntsaye a keji, musamman a Indunisiya inda gasar kukan tsuntsaye ta zama babbar harka, sun yi ta saye, masu tarko suna ta kamowa, har ya ɓace daga wurare da dama da a da yake cike da su. A 2018 ƙungiyar IUCN ta sa shi cikin halittun da ke dab da ƙarewa, a 2022 kuma taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Panama ya haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Ƙaramar ƙasar Singafo tana cikin mafakarsa ta ƙarshe. Mu ma a nan gida ba mu rasa misali ba. Aku ya shiga wannan jerin haramcin a 2016 saboda iya kwaikwayon magana da ya sa ake rububinsa, gauraka kuwa, da kyansa ya sa ake ƙawata gidajen manya da shi, yau ganinsa a fadamun Nijeriya ya zama abin labari. Ashe raini ya zame wa bulbul ɗinmu garkuwa. Wanda aka so an kai shi keji, wanda aka raina yana nan yana cin gwaibarsa.

Wani labarin ya ƙara fito da yadda ido ke yanka wa abu farashi. A farkon shekarun 1980 wani masanin tsuntsaye Bajamushe, Wulf Gatter, ya ga wani bulbul mai ɗigo-ɗigon fari a fiffike a kurmin gabashin Laberiya. An samo guda ɗaya a 1984, aka bayyana shi a matsayin sabon nau'i a 1985. Shekara da shekaru ana lissafa shi cikin tsuntsayen da suka fi ƙaranci a duniya, ana shiga kurmi nemansa ba a gani. A 2017 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa, bisa dukkan alamu, wani bulbul ne gama-gari na kurmin, wanda gashinsa ya fito da baƙon launi. Abin da ake ta wahalar nema, danginsa na nan birjik a kan rassa, masu neman suna wuce su. Darajar da muka ba shi, ashe, ta ƙarancinsa ce. Ranar da aka ce yana da yawa, sai kasuwarsa ta faɗi, alhali tsuntsun bai sauya ba.

A nan ne kyamara ta shigo da alkawarinta. Kafin zuwanta, wanda ke son ya mallaki tsuntsu hanya biyu gare shi: ko ya harbe shi ya cusa wa fatar auduga ya ajiye, ko ya sa shi a keji. 'Yan'uwan nan biyu na Ingila, Richard da Cherry Kearton, sun ɗauki hoton sheƙa da ƙwai a 1892, kuma a 1895 suka fitar da littafin sheƙunan tsuntsaye wanda hotuna zalla suka ƙawata shi. Har fatar sa suka sa aka ɗinke musu suna shiga ciki don kada tsuntsu ya gan su. Alkawarin shi ne, daga yau mutum zai iya komawa gida da tsuntsu, tsuntsun kuma yana nan a kan reshensa. Babu shakka wannan ci gaba ne, kuma ba mu da nufin rage masa daraja. Hoto ya sa miliyoyin mutane sun san halittun da ba za su taɓa gani ba, ya kuma zama hujja ga masu bincike, irin waɗanda ke cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos.

To amma marubuciyar nan ta Amurka, Susan Sontag, ta lura a littafinta On Photography na 1977 cewa kyamara ta gaji bindiga, kuma mai ita bai rabu da halin maharbi ba. Wanda ya san yadda ake samun wasu hotunan da ke burge mu zai ga gaskiyar maganar. Bulbul ba ya zama wuri ɗaya, saboda haka hanya mafi sauƙi ta samunsa ita ce a tsare shi a sheƙa, inda dole ya dawo. Ganye yana tare haske, sai mai hoto ya datse reshe ɗaya ko biyu. Hoton ya fito tas, uwa na ɗura wa ɗanta ƙwaro a baki, masu kallo suna ta yabo. Mai hoto ya naɗe kayansa ya tafi, ya bar sheƙar a buɗe ga rana da ruwan sama da hankaka da shirwa. Ganyen da ya datse, shi ne katangar gidan. Wani kuma yakan tsaya kusa har uwar ta ji tsoron dawowa, ƙwai ya huce, ko 'ya'yan su firgita su diro ƙasa kafin lokacinsu. Wani yakan kunna muryar tsuntsun daga waya, namijin ya zaci kishiya ya shigo masa, ya bar kiwo da ciyar da iyali yana neman abokin faɗan da babu shi. Duk wannan ba ya fitowa a hoto. Irin wannan ɓarna ce ta sa dokar kare namun daji ta Birtaniya ta 1981 ta hana damun wasu tsuntsaye a sheƙarsu, ko da don hoto ne, sai da lasisi.

Mai karatu na iya cewa, ina abin tayar da jijiyar wuya? Bulbul ya fi a ƙirga, sheƙa ɗaya ba ta rage shi da komai, kuma hoton da aka samu zai iya sa mutum dubu su ƙaunaci tsuntsaye. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma tana da rauni biyu. Na farko, ta auna haƙƙi da mudun ƙaranci, wato mudun nan da muka ga ya yaudari masana a kurmin Laberiya. Yawa lissafin mai kallo ne. Ga uwar da ke kwanci, ƙwan nan biyu su ne duk abin da ta mallaka. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 38 ta Suratul An'am, ya kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irinmu. Abu Dawud kuma ya ruwaito cewa wasu sahabbai sun ɗauke 'ya'yan wata 'yar tsuntsuwa a wata tafiya, uwar ta zo tana kaɗa fiffike, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarta a mayar mata da su. Abin lura shi ne ba a tambayi ko irinta na da yawa ba. Damuwarta kaɗai ta isa hujja.

Rauni na biyu ya shafi gaskiya. Hausawa na cewa gani ya kori ji, kuma a kan wannan amana ce hoto yake cin abinci. Mai kallon hoton daji ya yarda cewa abin da ke gabansa haka aka tarar da shi. Idan an datse reshe, ko an kira tsuntsu da muryar ƙarya, to an nuna masa tsoro da sunan natsuwa. Wannan hanya kuwa ba ta da birki. A 2010 an ƙwace kambun babbar gasar hoton namun daji ta Landan daga wanda ya lashe ta a 2009, bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ke hotonsa na kiwo ne. A 2018 aka soke wata kyautar a wannan gasa, domin masana sun gamsu cewa dabbar da ke hoton gawa ce da aka cusa wa kaya. Wanda ya yarda ya cuci tsuntsu don hoto ya yi kyau, bai yi nisa da cutar mai kallon hoton ba, domin son zuciya ɗaya ne ke tura shi.

Saboda haka amsarmu ita ce, lallai abin kallo yana da haƙƙi, kuma haƙƙin bai da wuyar faɗi: mu bar shi yadda muka same shi, mu kuma faɗi gaskiya a kansa. Mai hoton da ya karɓi wannan sharaɗi zai yi asarar hotuna da dama. Zai zauna nesa a gindin ɓaure tun da asuba, ya jira tsuntsu ya zo don kansa, watarana ya koma gida hannu rabbana. Amma a zaman jiran nan ne zai san lokacin da bulbul ke wanka, da yadda ma'aurata ke gyara wa juna gashi, da bambancin kukan neman abokin zama da na ganin maciji. Wanda ya datse reshe hoto kawai ya samu, wannan kuwa ya san tsuntsun.

Maganar ba ta tsaya kan masu kyamara ba. Mu da muke koyo da koyar da rubutu, sana'armu kallo ce. Muna kallon almajiri da mai talla da tsohuwar da ke bara a bakin tasha, mu mayar da su labari da waƙa, a yaba mana. Ya kamata kowane marubuci ya tambayi kansa reshen da ya datse kafin hasken ya faɗa inda yake so, da halin da ya bar mutanen ciki bayan ya rufe littafinsa. Sabo da kaza, in ji Hausawa, ba ya hana a yanka ta, haka nan sha'awar abu ba ta hana a cuce shi. Gobe da asuba bulbul zai yi kuka a bayan tagoginmu kamar yadda ya saba. Allah Ya ba mu idon da zai dube shi ba tare da raini ba, da zuciyar da za ta ƙyale shi a kan reshensa.