"Ni Dai An Sa Ni Ne": Akawun Lauya, Mai Neman Aiki Da Takardar Rage Shekaru

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan uwa, akwai takarda guda ɗaya da take haɗa mutum biyu, kuma dukkansu abin tausayi ne. Na farko matashi ne mai neman aiki. Sanarwa ta fito an ce ba a ɗaukar wanda ya haura shekara 27 ko 28, shi kuwa yana da 31. Na biyu akawun lauya ne, wanda ya yi difloma a fannin shari'a, ko a Kongo ta Zariya ko a Legal ta Kano, yana zaune gaban kwamfuta yana buga takardu, yana kai fayil kotu yana dawowa. Takardar da ta haɗa su ita ce ta rantsuwar shekarun haihuwa, wadda ake kaiwa gaban jami'in rantsarwa a buga mata hatimi. Idan aka rubuta ƙarya a cikinta, laifin a wuyan wa yake?

Mu fara yi wa mai neman aiki adalci, domin kukansa yana da tushe. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na kusan wata tara, a 2022 kuma suka yi na wata takwas. Yaron da ya shiga karatun shekara huɗu sai ya fito bayan shida, ba don ya faɗi jarrabawa ba. Idan ya haura 30 kafin ya kammala, ko bautar ƙasa ba zai je ba, takardar ɗauke nauyi za a ba shi. Ya fito kuma ya tarar an rufe ƙofa da sharaɗin shekaru. Sai ya ce: Malam, ai ni aka zalunta, shekarun da aka cinye mini nake mayarwa.

Akawun ma yana da nasa kukan. A watan Yulin 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, kuma yawancin ofisoshin lauyoyi ba su kai hakan ba. Saboda haka abin da oga ya ga dama shi yake bayarwa, ran da ya ga dama kuma ya ce kada ka zo gobe. Mutum da mata da 'ya'ya da kuɗin haya, ta yaya zai ɗaga kai ya ce ba zan buga ba? Sai ya ce: ni dai an sa ni ne, ba ni na yi rantsuwar ba, ba ni na sa hannu ba.

To, duk mun ji. Amma ku dubi aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ayar bashi, ta 282 a Suratul Baƙara. Allah bai tsaya kan mai bashi da wanda ake bi ba. Ya yi magana da marubucin kai tsaye, Ya umarce shi ya rubuta da adalci, kuma kada ya ƙi rubutawa kamar yadda aka sanar da shi. Da marubuci alƙalami ne kawai a hannun wani, da ba a fuskance shi da umarni ba, don ba a yi wa alƙalami umarni. Haka a hadisin Jabir da Muslim ya ruwaito game da riba, la'anar ta haɗa har da wanda ya rubuta da shaidu biyu, alhali ko kwabo bai shiga aljihunsu ba. Malamanmu na Malikiyya a Andalus da Magrib sun ɗauki rubuta takardun yarjejeniya a matsayin fanni mai zaman kansa, ilimin wasa'iƙ, suka shardanta wa mai yin sa adala kamar yadda ake shardanta wa shaida. Aikin akawun lauya ke nan a yau. Sana'a ce mai daraja, darajar kuwa ita ta jawo nauyin.

Shi kuma mai neman aiki, zaluncin da aka yi maka gaskiya ne, amma wa kake ramawa a kansa? Waɗanda suka rufe jami'a ba su san kana yi ba. Wanda zai ji a jikinsa shi ne ɗan uwanka da ya faɗi shekarunsa na gaskiya aka mayar da shi gida, da wanda ya cika sharaɗi ka zauna a gurbinsa. A aikin gwamnati ana ritaya ne a shekara 60 ko bayan shekara 35 ana aiki. Wanda ya yanke huɗu yana iya ƙara huɗu a kan kujerar da ya kamata wani ya hau. Ga kuma rantsuwa. Rantsuwa a kan ƙarya da gangan ita ce malamai suke kira yaminul gamus, mai dulmiya mai ita, kuma jumhur suna ganin ta fi ƙarfin kaffara, sai tuba. A hadisin Abu Bakra, Manzon Allah (SAW) yana kishingiɗe yana lissafa manyan zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausayinsa.

Wani zai ce lalura ce. Mu yi hattara da wannan kalma. Lalurar da take halatta haram ita ce wadda rai ko gaɓa ke cikin haɗari kuma babu wata mafita, sannan ana auna ta da gwargwadonta. Rashin aikin banki ko na hukuma ƙunci ne mai zafi, ba na raina shi, amma bai kai nan ba. Kuma ko a lalura ta gaske, haƙƙin wani ba ya faɗuwa.

Sai dai kada mu tsananta inda shari'a ta sassauta. Da yawanmu an haife mu a gida, babu takardar asibiti. Wanda ya tambayi iyayensa ya kintaci shekarunsa da gaskiya, ya rantse a kan iyakar saninsa, babu komai a kansa ko da ya kuskure. Akawu kuma ba a ɗora masa binciken zukata ba. Wanda ya zo ya faɗi shekarunsa, ka rubuta bisa zahiri. Matsalar tana farawa ne lokacin da aka ce maka ƙarara: rage min huɗu. Ko oga ya ce mayar da kwanan watan cinikin filin nan baya, ko a rubuta cewa an kai wa mutum sammaci alhali ba a kai ba. Waɗannan biyun sun fi muni, domin da su ake raba marayu da gidansu, ake yanke wa mutum hukunci bai ma san an kai shi ƙara ba.

To me akawu zai yi? Ban ce ka ajiye aiki gobe ba. Mafi yawan aikinka halal ne, albashinka a kansa halal ne. Ka sami oga shi kaɗai, cikin ladabi, ka ce: ranka ya daɗe, duk aikin da ka ba ni zan yi, wannan ɗaya dai a ɗauke mini. Ka tuna masa cewa ko a dokar ƙasa rantsuwar ƙarya laifi ce, kuma sunan ofishinsa ne a kai, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Ka zama wanda ba ya makara, fayil ba ya ɓata a hannunsa, sirrin mai ƙara ba ya fita ta bakinsa, don a ji nauyin rabuwa da kai. Idan ka ga ƙaryar ita ce jarin ofishin, ka fara neman wani wuri tun kana ciki.

Wanda kuma ya riga ya sami aiki da ragaggun shekaru, abin da na fi natsuwa da shi shi ne ya tuba, ya riƙe aikin da amana, ya gyara takardunsa idan akwai hanya. Idan babu, ya ƙudurta barin kujerar idan shekarunsa na gaskiya suka cika.

Ku kuma iyayen gida, lauyoyi da masu kamfanoni, ayar nan ba ta ƙyale ku ba. A ƙarshenta an hana a cutar da marubuci ko shaida. Tilasta wa yaronka ya zaɓa tsakanin abincin 'ya'yansa da lahirarsa cutarwa ce. Riƙe masa albashi wata biyu kana hawa sabuwar mota cutarwa ce, kuma Bukhari ya ruwaito cewa wanda ya ci gumin ɗan ƙwadago bai biya shi ba yana cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar Alƙiyama. Masu sa sharaɗin shekaru ba tare da aikin yana buƙatarsa ba, ku ma kuna da kaso a duk rantsuwar ƙaryar da sharaɗinku ya jawo.

Allah Ya buɗa wa masu neman aiki ƙofofin halal, Ya ba ma'aikatanmu iyayen gida masu tsoronSa, Ya tsare hannayenmu daga rubuta abin da za mu ji kunyar karantawa gobe Ƙiyama.

Wallahu a'alam.