Taliyar Bolonya da Taliyar Araba

Tun da na komo daga ƙasar Italiya akwai wata tambaya da ta hana ni sakat, shi ya sa na ga ya kyautu in ajiye ta gaban 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ko Allah ya sa a sami mai warware mini ita. Tambayar kuwa ita ce, me ke sa mu kira wani sani ilimi har mu biya kuɗi mu nemo shi, alhali wani sanin irinsa sak yana tsakar gidanmu, ko kallo bai ishe mu ba?

Ga yadda abin ya faro. Wani taro ne ya kai ni Bolonya, birnin nan da jami'arsa take ƙirga shekarunta tun daga 1088. Da aka watse, saura kwana biyu jirginmu ya tashi, sai wani abokin tafiya ya ja ni wani aji inda ake koya wa baƙi girkin ƙasar. Kowannenmu ya biya Yuro 70. Malamar wata dattijuwa ce mai ƙarfin damtse. Ta tara garin alkama bisa katako, ta yi masa rami a tsaka, ta fasa ƙwai a ciki, kowane giram 100 na gari ƙwai ɗaya. Muka kwaɓa, muka murza har gumi ya karyo mana, aka rufe ƙullun ya huta rabin sa'a, sa'an nan ta ɗauko wani dogon sanda mai kama da muciya ta yi ta shimfiɗa shi har ana hango zanen katakon ta cikinsa. Aka naɗe, aka yayyanka da wuƙa, ga abin da suke kira tagliatelle. Miyarsu akan sa mata naman alade da giya, amma da na gaya mata addinina ko fuska ba ta ɓata ba, ta yi mana tamu da naman sa zalla.

To, ina cikin murza ƙullun nan ne sai na ga kamar hannun kakata nake kallo. Ni mutumin Araba ne, can bakin iyaka a ƙasar Illela, inda in ka miƙe arewa kaɗan sai ka ji ka a Birnin Ƙonni. Kakata, Allah ya jiƙanta, ta shekara fiye da talatin tana yin taliya 'yar murji. Takan kwaɓa alkama da ruwa da ɗan gishiri, ta riƙa murzawa da tafin hannu tana fitar da silili, a shanya, a dafa, a ci da mai da yaji. Da wannan sana'a aka saya mini takalmin da na fara shiga makaranta da shi. Ban taɓa zama kusa da ita na ce ta nuna mini ba. Ranar da na ɗan matsa kusa da murhu ma cewa ta yi, “Maigida, mi kaka nema cikin mata? Tashi ka tai waje.” Na kuwa tashi ina murna, don kada abokai su kira ni da sunan nan da aka sani.

Da na ba wani abokina labarin ajin nan, cewa ya yi kwaikwayon Turawa ne kurum, wai na bar tuwon gidanmu na tafi neman abincin wasu. Wannan zargi bai dame ni ba, don kuwa ba shi da tushe. Mai karatu ya duba tukunyarmu da kyau. Masara, sunanta ma ya nuna ta hanyar Masar muka san ta, asalinta kuwa daga nahiyar Amurka ne, haka rogo da gyaɗa da barkono da tumatir. Alkama da albasa sunayensu na Larabci ne, ga shi kuwa yau albasar ƙasarmu da ta Galmi a Nijar ake lodawa zuwa Kurmi. Su Italiyawan ma tumatirin da suke taƙama da shi bai iso musu ba sai a ƙarni na 16. Ita kanta kalmar taliya, wasu sun ce daga sunan Italiya ta fito, wasu kuma suna danganta ta da kalmar Larabci iɗriya, wadda masanin ƙasa Al-Idrisi ya ambata a 1154 cewa ana yin ta a garin Tarabiya na tsibirin Sisili ana kai wa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Ko wanne ne gaskiya, abinci matafiyi ne, bai san kwastan ba, mu mutanen iyaka kuwa mun fi kowa sanin haka.

Saboda haka laifina ba zuwa ajin ba ne. Laifin yana ga abin da ya sa na russuna wa dattijuwar Bolonya ina rubuta duk abin da ta faɗa cikin littafi, ban taɓa russuna wa tawa ba. Na yi ta juya wannan a raina. Da farko na ɗora wa al'ada, tun da ita ta kore ni daga murhu. Amma fa al'adar nan ba ta bi ni Bolonya ta hana ni ba, ashe ke nan kunyar tawa ta idon mutanen garinmu ce, ba ta aikin ba. Daga baya na ce ko kuɗin ne, don abin da aka samu kyauta ba a cika ganin girmansa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Masu iya magana sun ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Sai dai ina tsammanin cutar ta fi haka zurfi ga mu 'yan boko. An tarbiyyantar da mu a kan cewa ilimi shi ne abin da ke da allo da ma'auni da takardar shaida, wanda ke cikin hannun tsohuwa kuwa aikin gida ne kawai.

Su mutanen Bolonya ba su yarda da wannan rabo ba. A 1972 sun kai ma'aunin faɗin tagliatelle, watau milimita 8 in ta dahu, suka ajiye a ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar birnin, a 1982 kuma suka ajiye tsarin miyar. Wani zai yi dariya, ni ma na yi. Har ila yau ina da ja a kan abin, domin rubutu yakan daskarar da sani, kakata kuwa da yatsa take gane ƙullu ya yi, ranar hunturu dabam, ranar bazara dabam, ba ma'aunin da zai kama wannan. Amma duk da haka, jikokinsu sun san abin da kakanninsu suka sani, ni kuwa da nake nazarin harshe da al'ada a jami'a ban san ko gishiri nawa take sawa ba.

Hutun da ya wuce na je Araba na sami gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage cikin waɗanda suka koya wurin tsohuwar. Na ce, “Gwaggo, so nake ki koya mini 'yar murji.” Ta dube ni ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce yanzu wa ke wahalar murji, ga inji ga ta leda a kowane shago. Da ta ga da gaske nake, sai ta aiki yaro ya auno alkama, ta sa aka sakaya ƙofar gida don kada maƙwabta su shigo su gan ni.